Doña Herlinda Da Ta Hana A Rufe Ɗakin Waya

Kafin gajimaren safiya ya ɗaga daga kan rufin gidajenmu, Doña Herlinda Chimil ta riga ta sha kofinta, ta naɗe tortilla, wato wainar masararmu, masu ɗumi a gefen mayafi, ta kama gangaren da ke sauka dandalin gari tana dogara sanda. Duk wanda ya taɓa kwana a San Andrés Yoguiza ya san ƙarar mabuɗanta. Tana isa ƙasan ginin majalisar gari sai ta buɗe ɗan ɗakin nan mai shuɗiyar ƙofa, ta share, ta kori kajin maƙwabta, ta goge tsofaffin kwamfutocin, ta leƙa fitilar na'urar intanet. In ta ga ta yi kore ta ce mata, "Sannu, 'yar albarka." In kuwa ta yi ja, to a toshe wa yara kunne. Daga nan ta jera kujeru, ta ɗora wata tukunyar kofin, ta zauna jiran tsofaffi.

Haka take tun gashin kanta yana baƙi wuluk, yau ga shi fari fat. Lahadin da ta wuce ta miƙa mabuɗan, gwiwa ta ce ta gaji da gangare. Babu wanda ya taso daga birnin Oaxaca da takardar yabo, ba mu kuma sa ran zuwansu ba. Shi ya sa na ce bari mu da muka gani mu faɗa da bakinmu.

'Yan baya ba su san yadda muka faro ba. A da waya ɗaya tal ce a garin nan, a cikin wannan ɗakin, Herlinda ce kuma mai tsaronta. Rabin 'ya'yanmu suna Arewa, can Amurka, wasu na wankin kwanoni, wasu na tsinkar inabi a gonakin mutane. In ɗayansu ya kira sai ta hau lasifikar da ke kan rufi: "A saurara, a saurara! Wance matar wane, ɗanki na kira daga Arewa, ajiye wankin ki taho!" Sai ka ga mace ta ɓallo a guje da kumfa a hannu. Ƙofar akwatin wayar kuwa ba ta taɓa rufuwa ba, ga layin wayar na shuu, dole ka ɗaga murya. Kafin ka fito, masu jiran layi sun san wa ya yi aure, wa aka kora daga aiki, wa ya bugu ya faɗa rami. Da haka muka tashi: abin da ka faɗa a waya, ka faɗa wa gari.

Da duniya ta koma wayar hannu, kamfanoni suka duba taswira suka ce ba mu kai a wahala dominmu ba, mutane kaɗan, dutse da yawa. Muka ce to a bar mu. Aka kira tequio, gayyar nan da kowane gida ke ba da mutum guda babu lada, aka saɓi ƙarafa a kafaɗa aka hau ƙololuwar dutse, muka kafa eriyarmu da hannunmu. Herlinda da ko firamare ba ta gama ba ta maƙale wa injiniyar da ta zo taimakonmu, wata 'yar siririya da sanyinmu ya hana ta sakat. Tambaya kan tambaya, har baiwar Allah ta fara ɓuya a bayan coci. Amma fa ta koya. Da ta koya kuma ba ta zauna a kai ba, sai ta juyo kan tsofaffi.

Yawancinmu yaren Zapotec muke yi, Sifaniyancinmu na kasuwa ne, karatu kuwa sai a hankali. Babu wayar da ke jin yarenmu. Herlinda ta ce ba komai, ai murya ba ta bukatar haruffa, ta shiga koya wa mutane saƙon murya. Kuma tana da wata ɗabi'a da ta yi suna a kai: in tana koyarwa, hannayenta a baya suke, a sarƙe. Ba ta taɓa wayar ɗalibi. Ko tsoho zai yi ta laluben koren maɓallin har kofi ya huce, ba za ta karɓa ta yi masa ba.

"Doña, don Allah danna mini kawai, tumakina na jira."

"Yatsan wa zai bi ka gida, nawa ko naka? Danna."

Ke ce mai hannu a baya, Herlinda. Jikokinmu da ke fizge waya su latsa su miƙo mana kamar sun ba jariri abin wasa sun fi ki sauri, amma a wurinki muka koya.

To, bara sai ga manya daga birni da motoci masu sheƙi. Wani kamfani ya kafa dogon ƙarfensa a dutsen da ke kallon namu, hukuma kuma ta zo raba wa tsofaffi wayoyi kyauta. Aka rataya ƙyalle, aka jera mu a rana, aka ɗauki hoto kowa da kwalinsa a ƙirji. Wani mai farar riga ya yi dogon jawabi da Sifaniyanci, ya ce daga yau an haɗa Yoguiza da duniya, babu wanda aka bari a baya. Kafin ƙurar motocinsu ta kwanta, rabin wayoyin sun koma hannun jikoki ana wasan harbi da su. Wasu suna ƙasan akwati cikin ledarsu. Wani dattijo ma ya ɗora tasa a gaban hoton waliyyi, ya kunna mata kyandir, ya ce abu mai tsada irin wannan nan ne wurinsa. A wannan shekarar kuma aka mayar da neman ganin likitan birni da tallafin tsufa duk cikin waya. Wanda bai iya ba, sai ya nemi yaro ya karanta masa sirrinsa.

Ana haka sai Florencio Yescas, da muke kira Lencho, wanda taron gari ya ɗora wa shugabanci a shekarar, ya leƙo ɗakin yana murza hula. Ba mugun yaro ba ne Lencho, yana da nasa ciwon kan: simintin gyaran hanya yana waje, ruwan sama na cinye shi.

"Tía Herlinda, ina kwana. Magana ce ƙarama."

"In ƙarama ce faɗe ta daga nan bakin ƙofa, takalminka da taɓo."

"Ɗakin nan muke so mu zuba siminti. Ai aikinsa ya ƙare, yanzu kowa da wayarsa, ga sabis ko'ina. Ke ma ki huta. Za mu kawo maganar a taron gari na bayan girbin kofi."

Ta dube shi daga hula har takalmi.

"Lencho, ni na sanar da haihuwarka a lasifikar nan. Ubanka ma daga bakina ya ji namiji ne. Yau kai ne za ka sanar da mutuwar ɗakina?"

"Haba Tía, ba ni ba ne, takardar hukuma ce ta ce an gama da mu."

"Takarda ta ce an gama. To ka aiko takardar ta zo ta koya wa tsofaffi. Ni dai ina nan, kuma ranar taro ina da baki."

Tun daga ranar kowa ya san ɗakin waya na jiran hukunci. Herlinda ba ta bi gida-gida neman goyon baya ba, ta ci gaba da jera kujerunta.

Cikin masu zuwa akwai Tía Nazaria, gwauruwa, wadda kowa ke ce wa tía, wato gwaggo, ko da jini ko babu. 'Yarta ɗaya a duniya, Otilia, tana Los Angeles shekara da shekaru, ba ta da takardun da za ta zo ta koma. Nazaria ta iya danna maɓallin sarai. Sai dai in za ta aika saƙo sai ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi, ta yi gyaran murya, ta riƙe wayar nesa da baki ta kwarara:

"A saurara, a saurara! Otilia ta Los Angeles, uwarki Nazaria na gaishe ki. Masara ta yi kyau. Kowa lafiya. Ƙarshen sanarwa."

Mutane su yi ta dariya, har yara na kwaikwayonta a hanyar makaranta. Kowane mako saƙon ke nan, kalma ba ta canjawa. Masara ta yi kyau, ko a lokacin da ƙanƙara ta kwantar da ita.

Herlinda ce ta lura matar na ramewa, ta kuma lura in za ta zauna sai ta dafe gefen ciki tana cije leɓe. Rannan da kowa ya watse ta tsare ta.

"Nazaria, zauna. Me ma'aikaciyar asibitinmu ta ce miki?"

Tsohuwa ta yi ta kallon ƙasa, can ta ce, "Wai akwai ƙari. Wai sai birni, kuma sai wani nawa ya raka ni."

"Kin gaya wa Otilia?"

"In gaya mata a ina? A cikin wannan?" Ta nuna wayar da haɓa. "In ɗora cikina a kan dutse duk gari ya ji? Gobe a kasuwa a riƙa nuna ni ana auna mini akwati da ido? Gara in mutu da mutuncina."

Nan Herlinda ta gane. Ashe duk wannan "a saurara" ba ruɗin tsufa ba ne. A wurin Nazaria, magana in ta shiga waya eriya take hawa, daga can ta zubo wa kowa, kamar yadda lasifika ke yi tun tana amarya. Kuma wa zai ce ta yi wauta? Kullum tana jin muryoyin 'ya'yan mutane suna fitowa daga wayoyi a kan titi. Waɗanda suka miƙa mata kwali suka ɗauki hoto, babu wanda ya tsaya ya gaya mata cewa wannan abin yana iya riƙe sirri.

Herlinda ta yi bayani, Nazaria ta girgiza kai. Herlinda ta rantse da Budurwa Maryamu, Nazaria ta ce, "Ke ma abin da aka gaya miki ne." Sai Herlinda ta leƙa taga ta hango Petrona mai sayar da tamales, alalen masarar nan tamu, aminiyar da Nazaria ke ce wa comadre tun bikin sunan Otilia, matar da bakinta ya taɓa korar mai karɓar haraji daga kasuwa. Wayarta kuwa ba ta barin aljihun gaban rigarta.

"Nazaria, akwai abin da in Petrona ta ji kin faɗa sai an raba ku?"

Tsohuwa ta rufe baki da mayafi. "Kai! Akwai."

"Faɗa wa wayar, ki aiko mini ni kaɗai. In gari na ji, kin san ba za ta bari ki kai gida ba."

Nazaria ta daɗe tana jinjina abin. Can ta matso da wayar, ta ce a hankali, "Tamales ɗin comadre Petrona kamar tafin takalmi suke. Tun aurena nake karɓa ina yabawa, kare nake ba wa. Karen ma binnewa yake yi." Ta saki maɓallin ta yi alamar gicciye.

Suka fito suka zauna a bencin bakin ƙofa. Nazaria ta ƙanƙame sandar Herlinda kamar mai jiran tsawa. Petrona ta sallami masu saye, ta ɗauki kwandonta, ta nufo su kai tsaye. Nazaria ta runtse ido.

"Comadre! Wai me ke cin ki ne, kin zama kamar kara? Ungo, masu zafi ne, na ware miki manya." Ta dire mata tamales a cinya ta wuce tana faɗa da wani kare.

Nazaria ta buɗe ido ɗaya. "Ba ta ji ba."

"Ba ta ji ba. Ni kika aika wa, ni kaɗai na ji."

"To muryoyin da nake ji a titi fa?"

"Masu wayar ne ke ƙure ƙara don a san 'ya'yansu na tunawa da su. Ki ce wa Otilia ta kara a kunne."

Suka koma ciki. Herlinda ta zaunar da ita, ta fito ta jawo shuɗiyar ƙofar nan ta rufe, ta saki kiɗan makaɗan gari a lasifika da rana tsaka babu biki babu komai, don kada kowa ya ji abin da ake faɗa a ciki, ta tsaya a bakin ƙofa da sanda a gicciye. Wani ya zo zai duba saƙonsa ta ce, "An rufe." Ya ce ai ga mutum a ciki. Ta ce, "Shi ya sa aka rufe." Abin da Nazaria ta faɗa wa 'yarta a ranar babu wanda ya sani, ko Herlinda. Mun dai ga ta fito ido jawur, tana tafiya kamar an sauke mata dakon itace.

Kafin yamma Otilia ta kira tana kuka tana faɗa a lokaci guda. Ta tayar da ƙanwar mijinta da ke birni, aka zo aka ɗauki tsohuwa, aka nemi layin likita ta waya a wannan ɗakin, Nazaria da yatsanta, Herlinda da hannu a baya. Aka yi aiki. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban.

Ranar taron gari ta zo, dandali ya cika, maza a gaba da hulunansu, mata a baya jikin bango kamar yadda aka saba. Lencho ya yi bayaninsa da ladabi, siminti, ruwan sama, takardar hukuma. Kawuna suka fara gyaɗawa. Sai Herlinda ta miƙe, ba ta jira an ba ta dama ba.

"Sun ce an haɗa mu. Wa suka haɗa? Dutse suka haɗa da dutse. Sun ƙirga kwalaye suka tafi, ba su ƙirga yatsun da suka iya dannawa ba. Ku dubi iyayenku. Mutumin da ya haƙa hanyar nan da diga, yau sai ya roƙi ɗan jikansa ya karanta masa abin da likita ya ce game da mafitsararsa. Wannan ne haɗawar? Lokacin da suka ce ba mu kai a kawo mana ba, ba mu yi kuka ba, ƙarfe muka ɗauka. Yanzu sun ce an gama da mu, sai mu ce to? Ba su ne suka buɗe ɗakin nan ba, ba kuma takardarsu ce za ta rufe shi ba. In ku kuka ce a rufe, ga mabuɗi. Amma gobe za ku same ni a ƙarƙashin bishiyar can da kujeruna."

Wani daga gaba ya ce, "Doña, tsofaffi nawa suka rage? Yara ai sun iya."

Ba ita ta amsa ba. Daga jikin bango aka ji gyaran murya. Nazaria ce, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa buɗe baki a taro ba, ta miƙe tana dafa kafaɗar wata.

"A saurara, a saurara," in ji ta. Aka fara dariya, ta jira har aka gama. "Yau da gangan nake so gari ya ji. An tsaga cikina an cire ƙari, ga ni a tsaye. Saura kaɗan in mutu da waya sabuwa fil a hannuna, don na ɗauka duk abin da na faɗa kuna ji. Ƙarfen kamfani bai gaya mini ba. Mai farar riga bai gaya mini ba. Matar can ce ta zauna da ni, har ta sa na zagi tamales ɗin comadre Petrona a waya don in gani da idona."

"Tamales ɗin wa?" Petrona ta zabura. "Me kika ce a kansu? Nazaria! Me kika ce?"

"Sirri ne, comadre. Abin da nake gaya wa gari ke nan, wayar tana riƙe sirri."

Dandali ya kece da dariya, har dattawan gaba na share hawaye da hula. Da aka lafa, aka ce a ɗaga hannu. Hannuwan bango suka riga na gaba tashi, abin da ban taɓa gani ba. Lencho ya waiga ya ga hannun uwarsa a sama, shi ma ya ɗaga nasa. Ɗakin waya ya tsira. Taro ya ƙara da cewa daga yau wanda ya zauna ya koya wa tsoho waya, ya yi tequio ɗinsa daidai da wanda ya fasa dutse. Simintin kuwa aka kwashe shi zuwa barandar Lencho, tunda shi ya fi kowa tausayinsa.

Ke ce kika yi wannan, Herlinda, ba da takarda ba, ba da albashi ba. Ke ce kika ƙi yarda a ce tsufa jahilci ne, kika ƙi yarda a ce yarenmu bai isa shiga waya ba. Da aka ƙirga mu aka ce mun cika, ke kika tsaya kika ce da saura.

Mabuɗan yanzu suna hannun Eufemia, wadda ta fara taɓa waya bayan ta aurar da autarta. Mun ɗauka Herlinda za ta miƙe ƙafa a rana ta huta. Ina! Washegari da safe Lencho ya gan ta ana ɗora ta a bayan motar kofi da ke tsallaka kogi zuwa ƙauyen ƙasa, inda su ma aka raba kwalaye aka tafi.

"Tía! Ba kin ajiye aiki ba?"

"Mabuɗi na ajiye. Gangare ne ya fi ƙarfina, can kuwa fili ne. Matsa, kar a taka ka."

Mun gode, Doña Herlinda. Allah ya ƙara wa gwiwar nan haƙuri, ya mayar da ke gida lafiya duk inda kika shiga. Ku kuma masu karanta wannan a wayoyinku, ku ɗaga kai ku duba gidanku. Akwai wani tsoho a kusa da ku da bai tambaya ba don kada a yi masa dariya. Kada ku jira mota daga birni. Ku jawo kujera ku zauna kusa da shi yau, kuma kada ku tashi sai ya aika maganarsa da kansa.